Ciwo ya karkatar da bakin da nake busa da shi

Assalamu alaikum. Ni mabushi ne. Sarewar Bature nake busawa a salon kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatan Amurka suka ƙirƙiro, ina tsara kiɗa ina rubutawa, ina kuma koyarwa a birnin New York. Na haura shekara hamsin. A 2011 ciwo ya shanye mini ɓarin fuska na hagu, ya taɓa leɓen da nake neman abinci da shi. Na daɗe ba na son tada zancen, amma a 'yan shekarun nan wasu matasa masu sana'ar baki, har da wani mai karatun labarai a rediyo da wani ladani, sun neme ni saboda irin wannan ciwo ya same su, kuma na ji tsoron da ke cikin muryarsu. Shi ya sa na zauna na rubuta.

An haife ni a Samaru ta Zariya a 1971. Mahaifina lebura ne a gonakin gwaji na cibiyar binciken aikin gona, mutum mai kaifi ɗaya, wanda bai taɓa rasa sallar asuba a jam'i ba sai da lalura. Bayan unguwarmu, ta wajen Bomo, akwai rugar Fulani, kuma wani yaro sa'ana yakan koro shanu kusa da inda muke ɗebo itace. A hannunsa na fara taɓa sarewa. Kara ce mai ƙofa huɗu, babu harshe a bakinta, sai dai ka karkata ta gefen baki ka hura a kan gaɓarta har ka sami inda iska ke rabuwa biyu. Yaron yana busa yana gurnani a maƙogwaro, sai ka ji kamar mutum biyu ne. Na yi makonni iska kawai ke fita, kaina na juyawa. Ranar da sauti ya fito ban iya cin tuwon dare ba don murna.

Mahaifina bai doke ni ba da ya gan ni da ita. Karɓa ya yi ya soke ta a rufin zaure, ya ce, "Kai yaro, a gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Ba zan ce ya yi zalunci ba, domin a duniyar da ya sani, busa gado ce. Masu algaita da kakaki da ke ƙofar fadar Zazzau ranar Alhamis da daddare a gidajensu suka tarar da abin, kuma duk wanda ya ɗauki abin kiɗa ba tare da gado ba, ana ganin shashanci ne ya ja shi. Inna ce takan sauko mini da ita idan ya tafi gona, ta ce, "Ka je bayan gari, kada maƙwabta su ji."

Rediyon gidanmu mai gajeren zango ce. Baba yakan saurari labarai da Hausa, idan ya kwanta yayana ya murɗa ta zuwa sashen Turanci na Muryar Amurka, inda Willis Conover yake gabatar da shirin jaz tun 1955. Ba na jin abin da yake faɗa, amma wani dare na ji sarewa tana gudu a kan ganguna, tana hawa tana sauka, can kuma mai busar ya shiga gurnani a cikinta daidai irin na abokina Bafulatani. Tsigar jikina ta tashi. Na tambayi yayana ko a Amurka ma akwai ruga.

Wanda ya koya mini sarewar ƙarfe wani tsohon ɗan badujalar soja ne da ya yi ritaya a Sabon Gari yana gyaran agogo. Baba Saja muke ce masa. Ba na biyansa ko kwabo, sai dai in ɗebo masa ruwa in share shago. Shi ya nuna mini yadda ake karanta rubutun kiɗa a kan layuka biyar, shi ya fara gaya mini cewa wani Bajamushe mai suna Theobald Boehm ne ya tsara wannan sarewa mai maɓallai a 1847. Koyarwarsa guda ce kullum: dogon sauti. Ka riƙe sauti ɗaya, ka fara a hankali, ka ƙara ƙarfi, ka rage, kada ya girgiza. Yakan kunna kyandir ya ce in kwantar da harshen wutar da numfashina ba tare da na kashe ta ba. A lokacin gani nake yana ɓata mini lokaci, ni da nake son gudu. Wannan darasi na kyandir shi ne abin da ya rage mini bayan shekaru da yawa, lokacin da komai ya zube.

Na yi kwalejin horon malamai, na koyar a firamare, ƙarshen mako kuma in bi wata ƙungiyar kiɗa zuwa Kaduna. A 1997 sunana ya fito a cacar bizar Amurka. Ranar tafiya mahaifina ya raka ni har tasha, abin da bai saba ba. Ya san abin da ke cikin doguwar jakar da na rataya, bai ce komai a kanta ba. Cewa ya yi, "Ka riƙe salla, kada ka ci haƙƙin kowa."

A unguwar Bronx na sauka, a ɗaki ɗaya da wasu Hausawan zango daga Kumasi da Nima na ƙasar Gana, waɗanda suka riƙe ni kamar ƙaninsu. Na yi wankin mota, daga baya na sami lasisin tasi na shiga tuƙin dare, awa goma sha biyu. Wajen da direbobi ke layi a filin jirgin sama na JFK shi ne makarantata ta farko, domin mutum kan yi awa biyu yana jiran fasinja. Sai in rufe gilashi in ciro sarewa. Ranar Asabar kuma ina zuwa azuzuwan Jazzmobile a Harlem, ƙungiyar da mai fiyano Billy Taylor ya taimaka aka kafa a 1964 don kai jaz ga mutanen unguwa.

Ga wanda bai san yadda kiɗan yake tafiya ba, bari in ɗan bayyana. Ana fara wa da ainihin karin waƙar, kowa ya ji shi. Daga nan sai kowane makaɗi ya karɓa shi kaɗai ya ƙirƙiri nasa nan take, amma a cikin wani tsari da ba a gani, wanda fiyano da bas, wato babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya, suke riƙe da shi a ƙasa. Tsarin salon da ake kira bulus (blues) gaɓa goma sha biyu ne, yawancin tsofaffin waƙoƙi kuma talatin da biyu. Kamar mai noma ne a kan kunya: kana da 'yancin yadda za ka sari ƙasa, amma dole ka san inda kunyar ta ƙare ka juyo tare da sauran 'yan gayya. Daren farko da na hau dandamali a wani ƙaramin gidan kiɗa, inda ake barin kowa ya gwada bayan ƙarfe ɗayan dare, kunyar ta ɓace mini. Suna juyowa ni ina can gaba. Da na sauko, wani dattijo mai fiyano ya kama hannuna ya ce sautina yana da kyau, wanda ba a saye a kasuwa, amma in je in haddace waƙoƙin da baitocinsu, in iya kowace a matakan sauti goma sha biyu, sannan in dawo. Shekara biyu na yi ina wannan aiki kafin na koma.

Sarewa ba ta da babban matsayi a jaz tun asali. Muryarta ba ta kai ta ƙaho da saksofon ba, don haka kafin makirufo ya inganta ba a jin ta a cikin babbar ƙungiya. Wayman Carver ya busa ta a ƙungiyar Chick Webb a shekarun 1930, amma sai da Frank Wess ya shiga ƙungiyar Count Basie a 1953 aka fara ɗaukar ta da muhimmanci. Har yau yawancin masu busa ta 'yan saksofon ne da suke ɗauko ta a waƙa ɗaya ko biyu. Wanda ya tsaya a kanta ita kaɗai irina, kiran aikin da yake samu kaɗan ne. An sha ba ni shawarar in ƙara da saksofon. Na gwada, raina bai kwanta da ita ba, na ajiye.

A wannan tsakani ne na san tarihin Yusef Lateef, kuma abin ya girgiza ni. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu busa sarewa da saksofon a jaz, ya yi digirin digirgir a fannin ilimi a 1975. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, kuma cikin abin da ya yi bincike a kai har da sarewar Fulani. Wato a shekarun da nake laɓewa bayan gari da karata don kada maƙwabta su ji, wani babban malami ya tsallako teku ya zauna a garinmu yana nazarin wannan karar. Na ajiye motar a gefen titi na yi kuka. Allah bai ƙaddara mun haɗu ba har ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93, amma rayuwarsa ta warware mini wani ƙulli. Ya kai lokacin da ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, ya koma zaurukan taro da jami'o'i. Ni ma abin yana damuna ƙwarai, in idar da sallar isha'i in shiga wurin da ake zuba barasa ina busa. Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ba ni da ilimin da zan shiga tsakaninsu, amma na ga Musulmi ya yi wannan sana'a da mutuncinsa, ya kuma shata wa kansa iyaka.

Baba ya rasu a 2003. Kafin in sami tikiti an riga an yi sadakar uku. Bai taɓa jin busata ta ƙarfe ba ko sau ɗaya, kuma wannan yana nan a raina har gobe.

Daga nan abubuwa suka fara buɗewa. Matata ta iso daga Zariya, ta sami aikin kula da tsofaffi a gidajensu, Allah ya ba mu 'ya'ya. Na kafa ƙungiya ta mutum biyar, muka fitar da faifai, muka fara samun gayyata zuwa bukukuwan kiɗa na bazara a Faransa da Jamus. A 2008 na mayar da makullin tasi. Ina ganin na iso.

Wata safiya a kakar 2011 na tashi alwala, na kai ruwa baki don kurkura, sai ya zubo ta gefen hagu. Na sake, ya sake zubowa. Kwana biyu kafin nan ina jin ciwo a bayan kunne, na ɗauka sanyi ne. Na duba madubi, na ga bakina ya ja dama, idon hagu ya ƙi rufuwa, goshina na hagu ya yi sumul babu ko layi. Matata na ganina ta saki kofin hannunta ta ce, "Innalillahi! Malam, sa takalmi, asibiti za mu." Ba ta tsaya jin ta bakina ba, kuma Allah ya saka mata da alheri.

Abin da muka ji tsoro shi ne shanyewar ɓarin jiki. Likita ta sa na ɗaga hannuwa, na ɗaga gira, na yi magana, ta ce wannan ciwon Bell ne, an sa masa sunan wani likita ɗan Sukotlan, Charles Bell. Jijiya ta bakwai da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ita ke motsa naman fuska, kuma tana ratsa wata siririyar hanya a cikin ƙashi kusa da kunne. Idan ta kumbura babu inda za ta buɗa, sai ta matse, saƙo ya daina wucewa. Ta ce yawanci idan bugun jini ne a ƙwaƙwalwa goshi yana ci gaba da motsi, a wannan kuwa har goshin yake tsayawa, amma mutum ba ya yanke wa kansa hukunci a gida, dole likita ya gani. Ta ba ni maganin rage kumburi mai suna prednisone, ta ce amfaninsa ya fi yawa idan an fara sha cikin awa 72. Ta ba ni maganin ɗigawa a ido, da filasta ta manne fatar ido da daddare don kada ya bushe ya yi gyambo. Ta ƙara da cewa kusan bakwai cikin goma suna warkewa sarai, mafi yawa cikin wata uku zuwa shida.

Na tambaye ta, mai busa fa? Ta yi shiru kaɗan, ta ce sai mun gani.

Da labari ya isa gida, wayoyi suka yi ta shigowa. Wasu suka ce marin aljani ne, wasu suka ce iska ce, wata gwaggona ta ce ai dama an faɗa, wanda yake busa da daddare yana kiran abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da fuskar, domin ta taɓa inda tun ina yaro yake da rauni. Inna kuwa cewa ta yi, "Ɗan nan, ka sha maganin likita, ni kuma ina nan ina addu'a." Na yi hakan. Na riƙe addu'o'ina da azkar, na riƙe magani.

Akwai abin da ba a gaya mini ba sai da na gani. Reshen wannan jijiya yana riƙe da wani ɗan ƙaramin nama a cikin kunne da ke rage ƙarfin ƙara. Da ya tsaya, duk wani sauti ya zama duka a kunnena na hagu. Ƙarar cokali a faranti, kukan jaririyata, jirgin ƙasa, duk suna soka ta. Ni da kiɗa ne rayuwata, na koma ba na iya sauraronsa. Ɗanɗanon abinci ya canza a gefen harshe. Ban iya furta "b" da "f" daidai ba, har karatun salla sai da na riƙa tallafe kumatu da yatsa. Na daina zuwa masallacin Juma'ar da aka san ni, na koma wani mai nisa.

Busa kuwa, sautin sarewa yana fitowa ne daga wata 'yar ƙofa tsakanin leɓɓa wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kuma naman da ya kewaye baki ne yake riƙe ta. Rabin nawa ya mutu. Ina hurawa iska na tsiyaya ta gefe. Na soke duk wasannin da ke gabana, abokan ƙungiyata suka kama aiki da wasu, kuma ban ga laifinsu ba, su ma suna da haya. Makaɗi irina a Amurka ba shi da albashi, ba shi da hutun rashin lafiya. Albashin matata ne ya riƙe gidan, sai gidauniyar Jazz Foundation of America, wadda aka kafa a 1989 don irin wannan rana, da ta taimaka mana da kuɗin haya, sai kuma 'yan'uwa na zango da suka yi karo-karo ba tare da na roƙa ba.

Wata shida suka wuce, fuskar ta fara motsi, amma ba yadda take ba. Na faɗa cikin kason da ba su warke sarai ba, duk da na je asibiti a kan lokaci. Jijiyar da ta sake tsirowa ta bi hanyoyin da ba nata ba, sai ya zama idan na tsuke baki idona na hagu ya kanne, idan na ci abinci ya yi hawaye. A nan ne na karaya. Watannin farko ina da abin jira, yanzu kuwa an ce mini wannan ne abin da ya saura. Nakan zauna a ɗaki har la'asar ban buɗe labule ba. Ina jin haushin yarana idan suka yi dariya da ƙarfi. Na sabunta lasisin tasi, na sa sarewata ta azurfa a kasuwa, wadda na yi shekaru ina tara kuɗinta.

Matata ce ta hana cinikin. Ta ce, "Malam, ka koma tasi idan kana so, ba abin kunya ba ne, da ita muka fara. Amma wannan ba za ta bar gidan nan ba kana cikin wannan hali. Idan ka warware ka ce za ka sayar, ni zan raka ka." Ta kuma matsa mini na ga likitan damuwa, abin da da can nake ɗauka na Turawa ne. Na je, kuma ya amfane ni. Baƙin cikin da ke hana mutum tashi daga gado ciwo ne mai magani, ba ƙarancin imani ba ne, kuma ina roƙon 'yan'uwana maza su ji wannan.

Na koma tuƙi, na kuma fara zuwa wajen wata ma'aikaciyar lafiya mai koyar da motsa naman fuska, wadda ta ƙware a irin matsalata. Ita ta hana ni yin motsa fuska da ƙarfi, ta ce hakan yana ƙara rikita jijiya. A gaban madubi, a hankali, motsi kaɗan, ido a buɗe. Da na ji haka sai Baba Saja ya faɗo mini. Na sayi kyandir.

Sauti na farko da na samu ba a sarewar azurfa ya fito ba. A ta kara ya fito, wadda wani ɗan'uwa ya taɓa kawo mini tsaraba na jefa a saman kabad. Da yake a karkace ake riƙe ta, sai na kai ta gefen dama mai lafiya, leɓen hagu ya zama jingina kawai. Daga nan na gane zan iya matsar da ƙofar iskata zuwa dama a sarewar ƙarfe ma, kamar yadda wasu masu busa da aka haifa da tsinin leɓe suke yi tun farko. Na koma kan babbar sarewa ta alto, wadda take son iska mai yawa mai laushi, ba ta son matsi. Na kuma riƙa tuna Rahsaan Roland Kirk, makahon mabushi da ɓarin jikinsa ya shanye a 1975, ya sa aka gyara masa kayan busarsa ya ci gaba da wasa da hannu ɗaya har ya rasu a 1977. Sarewa tana da hawa uku na sauti. Na dawo da biyu. Na saman, inda a da nake burge mutane, bai dawo yadda zan dogara da shi a gaban jama'a ba, kuma bayan minti arba'in leɓen yakan gaji ya fara rawa.

To, kiɗan da ke kaina bai san leɓena ya gaji ba. Yana nan yana zuwa, har ya fi da. Dole ta sa na fara rubuta shi don wasu su busa. A da rubutuna bai wuce ɗan kari da za mu fara da shi mu shiga gudu ba. Yanzu na zauna na koyi tsara muryoyi da gaske, na shiga ajin dare na kammala digiri, ina tuƙi da rana. Kuma da na zo rubutawa, abin da ya fito shi ne Zariya. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, don haka idan ka ɗauki kirari ko kiran mai talla ka cire kalmomin, kari yana nan a tsaye. Na gina wani dogon kiɗa a kan tallar fura da nono da nake ji ina yaro, na ba ƙaho da saksofon aikin 'yan amshi. Na sa kalangu kusa da gangunan Bature. Matsalar da na ci karo da ita ita ce sautukan sarewar kara ba sa zama daidai kan na fiyano, suna faɗawa a tsakani. Wasu suka ce in sa a huda mini sarewa da ma'aunin Turai. Na ƙi, na cire fiyanon daga waɗannan waƙoƙi, na bar bas ya bi ta, tun da shi ba shi da ƙayyadaddun matakai. A ganina duk wanda ya gyara wa sarewar Fulani murya don ta dace da fiyano ya zubar da abin da ya sa aka neme ta.

Koyarwa kuma da farko don kuɗi na karɓe ta, a wani shirin bayan tashi daga makaranta a Bronx. Ban yi zaton zan iya ba, ina tunanin yara za su tsaya kallon fuskata. Sun kalla, wata yarinya ta tambaya, na gaya mata gaskiya, shi ke nan aka wuce wurin. Abin da na gano shi ne ciwon ya mai da ni malamin da a da ba zan iya zama ba. Lokacin da nake da lafiya ban san yadda nake fitar da sauti ba, yana fitowa ne kawai. Da na sake gina shi daga tushe ina ɗan shekara arba'in, na san aikin kowane nama a bakin mutum. Idan yaro ya hura iska kawai ta fito, ina kallon haɓarsa na san inda matsalar take. Na kuma san yadda kunyar kasawa take, don haka ba na barin kowa ya yi wa wani dariya a ajina.

Ɗalibaina 'ya'yan Dominika ne da Jamaika da Gambiya da Gine da Gana da Nijar. Wani lokaci uba yakan zo da fuskar da na sani sarai, ya ce shi bai kawo ɗansa Amurka don ya zama maroƙi ba. Ba na gardama da shi. Nakan gaishe shi yadda ya kamata, in ce, "Alhaji, zauna ka ga abin da muke yi." Wasu sukan bari, wasu sukan janye yaran, kuma haƙƙinsu ne. Abin da nake gaya wa ɗaliban da suka girma suke son su mai da abin sana'a shi ne su koyi rubutu da tsarawa da koyarwa tun suna da lafiya, su yi inshora, domin duk sana'ar tana rataye ne a kan 'yan namomi kaɗan. A 2020, da annobar korona ta rufe duk gidajen kiɗa na New York, waɗanda suka ji wannan magana sun fi samun abin riƙewa.

Annobar ce kuma ta mai da darussana kan intanet, ta haka matasa daga Kano da Yamai da Damagaram suka fara turo mini busarsu ta WhatsApp ina gyara musu. Yawancinsu ba su da sarewar ƙarfe, tana da tsada kuma babu mai gyara fatun maɓallanta a kusa, don haka da ta kara muke aiki, wasu ma da bututun roba suke yin tasu.

Yau ina koyarwa kwana huɗu a mako a wata kwaleji da kuma shirin yara. Ina hawa dandamali jefi-jefi, a zaurukan taro da makarantu, kuma na tsara wasan yadda zan busa kashi ɗaya in huta, wata tsohuwar ɗalibata ta ɗauki sautukan sama. Idona yana kannewa har yanzu idan na busa, ina zuwa a yi mini allurar da ke sassauta naman lokaci-lokaci. Aikin da ke gabana shi ne ɗaukar busar tsofaffin masu sarewa a rugagen da ke kewayen Zariya da Giwa, da izininsu kuma da biyansu, in rubuta karin a takarda don ɗalibai. Na fara a zuwana na bara, kuma in Allah ya kai mu rani zan koma in ci gaba.